Ruwan Zafi a Kan Batir

Duk wanda ya san tashar Dutsin-Ma ya san Sirajuddeen direba, wanda ake ce wa Siraju, ya kuma san motarsa. Tsohuwa ce tukuf, ƙofar baya ma da igiya ake ɗaure ta. Amma ita ke kai mutane Kurfi ta dawo da su, ita ke ciyar da gidansa. Matarsa Rekiya kan ce da mota na shan fura, ita za a fara dama wa.

Wani yammaci, rana ta yi ja, kaji sun fara neman wurin kwana, Siraju ya shiga motar a gindin tsamiyar ƙofar gidansa zai je shan mai. Ya murɗa makulli. Mota ta ce ƙat, ƙat, ta yi shiru. Ya buɗe gaba, sai ya ga farin gishirin nan ya cinye kan batir. Kowane direba ya san maganin wannan: ruwan zafi. Ya ƙwala wa 'yarsa Mardiya kira ta sauko masa da tukunya daga murhu.

Rekiya ta leƙo daga zaure. "Baban Mardiya, magariba ce fa. Ka bari sai safe."

"Batir ya san magariba ne?" in ji shi.

Ya karɓi tukunyar daga hannun yarinyar ya kwarara, ko bisimilla babu. Ruwan ya bi ƙarfe ya sauka ƙasa yana turiri. Sai wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin motar, irin ta kyanwar da aka taka wa wutsiya. Suka duƙa. Babu kyanwa.

Da safe ya kirawo Tomas rewaya, mai gyaran wayoyin mota. Tomas ya kunna fitilar motar, ta kama tar. Ya kankare kan batir ya ɗaure tam. Ƙat, ƙat. Ya sa wani batir, ya ƙwanƙwasa kik, abin da ke tayar da injin, da sifana, ƙarshe ya canza kik ɗin gaba ɗaya. Ƙat, ƙat. Ƙarti shida suka taru su tura, mota ta kafe kamar jakin da ya ga ruwa. Tomas ya goge hannunsa ya ce, "Siraju, ni waya na koya. Wannan ka nemi masu carbi."

Ran nan da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon gidan. Wanda ka ɗauka, zafi rau kamar daga wuta aka ciro shi. A rana ta uku Mardiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin randa. Da ta tashi, idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Ta daina ci. Kuma Rekiya ta lura da wani abu: duk sanda Siraju ya murɗa makulli a waje, hannun yarinyar na dama sai ya dunƙule har farce ya huda tafi. Ta faɗa masa. Bai fasa gwadawa ba, wai ko za a dace.

Sai da kwana shida suka cika sannan ya hau bayan ɗan acaɓa, direba guda, ya tafi Kurfi ya ɗauko Malam Jibril.

Malam ya zauna a tabarma bayan la'asar, ya dafa kan yarinyar da mayafi a tsakani, ya yi ta karatu. Inuwa ta cinye tsakar gida. Ko akuya ba ta motsa. Can sai wata murya ta fito daga bakin Mardiya, muryar tsohuwa, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kamar wanda aka yi mini bai isa ba."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ta ɗauko tukunya. Wancan mai baƙin farce shi ya zuba. Jikana yana wasa a ƙarƙashin ƙarfensa. Da ya ambaci Allah, da mun kauce. Yanzu bayan yaron ya saluɓe, yana nan kwance, motar ce inuwarsa. In ta tashi zafinta zai ƙarasa shi. Ni ke riƙe ta da hannuna."

"Bai gan ku ba," in ji Malam.

"An gaya masa."

Rekiya ta sunkuyar da kai.

"Faɗi abin da kike so ki fita."

"Ya zaɓa. Ya bar mini mota a inda take, in sakar masa 'ya. Ko ya ɗauki motarsa gobe ta tashi lafiya, in tafi da wannan ta yi mini jinya."

Kowa ya juya ya dubi Siraju. To, nan ne fa. Tambayar da ko mahaukacin kasuwa zai amsa kafin a rufe baki, Siraju ya tsaya. Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙofar zaure inda ake hango hancin motar. 

"Har yaushe za a bar ta?" in ji shi.

Tsohuwar ta yi wata dariya mara daɗi. Malam Jibril ya daka masa tsawa, "Kai, Siraju! Ka ji tsoron Allah!"

Sannan Siraju ya ciro makulli ya ajiye a tabarma. Mardiya ta yi atishawa uku, hannunta ya saki. Duwatsu ba su ƙara sauka ba.

Motar na nan har yau a gindin tsamiya, tayoyi sun nutse, kajin Rekiya na ƙwai a kujerar direba. Siraju yana tasha yana yi wa motocin wasu kiran "Kurfi, mutum ɗaya!" Ko ruwan sanyi zai zubar, sai ya yi bisimilla uku.

Mardiya ta warke sarai. Tana gaishe shi da ladabi, ta ajiye masa tuwo ta juya. Wata rana ya tsayar da ita, ya ce ko tana tuna wani abu daga ciwon nan nata.

"Ba na tuna komai, Baba," ta ce. "Tambayar da ka yi kaɗai na ji."