Maki Talatin da Biyu

"Muniratu, ba ni takardar nan!"

Na ɓoye ta a bayana. Zakiyyu, wanda aka sa mana rana da shi, yana kwance a gadon asibiti, idanunsa sun yi rawaya, ruwa ya kumbura masa ciki. Ciwon hanta ya daɗe yana cin sa a ɓoye, har hantar ta ƙandare.

"Sakamakon gwaji ne kawai, masoyi. Likita zai yi maka bayani..."

"Shekara huɗu kina aikin jinya a ɗakin nan. Kin iya lissafin, na gani a fuskarki."

Na iya kuwa. Akan haɗa gwajin hanta da na ƙoda da na daskarewar jini, a fitar da makin da ke nuna kusancin majinyaci da mutuwa. Na sha yi wa mazajen wasu, ranar kuma na yi wa nawa.

"Talatin da biyu," na ce.

"Ma'ana?"

"Cikin mutum goma masu irin makinka, kusan biyar ba sa wuce wata uku... sai dai in an yi dashen hanta."

Mu duka mun san jikinsa ba zai ɗauki tafiya ƙasar waje ba. Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Bikinmu saura wata huɗu. Na sauwaƙe miki alkawari, abar ƙaunata. Ki je."

"Wallahi babu inda za ni!"

Da la'asar na hau keke napep zuwa gidanmu a Maitumbi, na durƙusa gaban mahaifina, Baba Ndako.

"Baba, ina roƙon a matso da ɗaurin auren."

Irin wannan ciwon ne ya ɗauke mahaifiyata, shi ya yi jinyarta har ta cika.

"Na san ƙarshen hanyar nan, Muniratu. Ke kaɗai ta bar min. So kike in gan ki cikin takaba?"

"Cikin goma masu irin makinsa, biyar suna rayuwa, Baba!"

"Tsakaninki da Allah, yana cikinsu?"

Sai na fashe da kuka.

Kwana tara Baba bai sake ta da maganar ba. Ranar Litinin ina gyara wa Zakiyyu ƙarin ruwa, sai ga shi ya shigo da babbar rigarsa. Ya kama hannun Zakiyyu, ya ce Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, za a ɗaura.

Zakiyyu ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Har ya sa aka kawo masa hular da ya saya don bikin, ya gwada, ta yi masa yawa.

Ranar Alhamis da hantsi ya fara aman jini. Mun yi duk abin da muka sani. Kafin azahar ya daina gane ni, da asubar Juma'a ya cika.

Mutanen da aka gayyata ɗaurin aure su suka yi masa sallah.

Da Baba ya dawo daga maƙabarta, ya zauna kusa da ni a tabarma, ƙurar kabari a ƙafafunsa.

"Ban kai ga zama matarsa ba, Baba..."

Ya ce, "Na ba shi ke, 'yata. Ya ji da kunnensa."