Rubutun da Jaji Ya Sha a Ikko

A wata siririyar hanya cikin dajin Birnin Gwari suka fara haɗuwa, kuma da faɗa suka fara. Jaji, yaron fatake, yana kore da jaki ɗauke da fatu. Huraira, 'yar Hammadu mai shanu, tana koro maruƙa daga rafi. Hanyar ba ta ɗaukar su biyu.

"Kauce mini da jakin nan naka," in ji ta.

"Ba ko sallama, 'yan mata?"

"Wa zan yi wa, kai ko jakin?"

Tun ranar ya sa mata suna Barkono, ita kuwa ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Mai Jaki. Wanda bai san Huraira ba sai ya ce ta tsane shi. Ni dai ban taɓa ganin yarinyar da ta tsani mutum ta tsaya har rana ta karkata tana zaginsa ba.

Hammadu bai hana zance ba, bai kuma yi na'am ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Abarshi, wani manomin Kuyello mai rumbunan dawa, wanda ƙafarsa ba ta wuce kasuwa.

Ana nan sai Madugu Nababa, ubangidan Jaji, ya ce ya gaji da ciniki ta bakin tafinta. A Ikko, babban birnin bakin teku, akwai masu sayen fatunsa da suka dawo daga bauta a Kuba, wata ƙasa a ƙetaren teku, Sifaniyanci suke yi. Ya ce Jaji ya zauna can ya koyo yaren.

"Je ka mana," in ji Huraira ranar sallama. "Hausar ma ka gama iyawa ne?" Ta juya baya don kada ya ga idonta.

Ikko ba ta yi wa Jaji maraba ba. Ga cunkoso, ga sauro, ga ƙarnin kifi. Malamarsa wata tsohuwa ce da ta girma a Kuba, mai zafin rai kamar ta ci babu. In ya buɗe baki, sauran masu koyo su bushe da dariya. Abin da ya koya da safe, kafin la'asar ya gudu.

Ya ba fatake saƙon baka: "Ku gaya wa Barkono, garin nan cike yake da mutane amma ni kaɗai nake jin kaina. Harshena ya ƙi lanƙwasuwa. Ina kewarta, har zagin."

Amsa ta zo da ayari na gaba: "Ku ce wa Mai Jaki ni ban aike shi ba. Ya riƙa cin abinci. Ya kuma yi sauri, Abarshi ya kusa huda tabarmar Baffa da zama."

Saƙon nan ya tayar masa da hankali. Sai ya yi abin da ya ga ana yi wa yara masu taurin kai a gida: ya samo allo, ya rubuta kalmomin Sifaniyanci da ajami, ya wanke ya shanye. A tsakar zango ya yi, a gaban fataken garinsu, don bai ga laifi ba. Wauta ce, ba sai an faɗa ba. Yaren ya zauna daga baya, amma masifar tsohuwa ce ta zaunar da shi.

Labari ya riga shi isa gida, Abarshi kuwa ya ƙara masa gishiri. "Jaji ya sha rubutun Nasara," yake faɗa a kowace inuwa. "Yanzu abin yana cikin jininsa."

Da Jaji ya dawo, ba wanda ya miƙa masa hannu. Ko a gidansu akushinsa daban. In ya sha ruwa a moɗa, sai a wanke ta da toka.

Liman Abubakar ya kira shi a gaban dattawa. "Me ka rubuta?"

"Allah gafarta Malam, sunan gishiri ne, da sunan fata, da yadda ake gaisuwa."

"Wannan sakarci ne, ba ridda ba," in ji Liman.

Hammadu ya miƙe yana kaɗe riga. "Malam ya faɗi nasa. Amma mutumin da ba a cin abinci da shi, ba zan ba shi 'yata ba." Ya sa wa dangin Abarshi ranar kawo gaisuwa.

Huraira ta tare Jaji a bakin rafi, ranta a ɓace. "Duk ruwan tekun bai ishe ka ba, sai da ka sha tawada?"

"Ke kika ce in yi sauri, Barkono. Tsoro na ji kada in rasa ki."

Ta juya masa baya. Ta koma ruga tana kuka, tana jin haushinsa da haushin kanta.

Ranar kasuwa tana zaune gaban ƙwaryar nononta, ta hango shi yana raɓe-raɓe a gefe kamar mai cuta.

"Mai Jaki, zo nan."

Ta cika ludayi ta miƙa masa. Ya sha. Ta karɓe ludayin, ba ta ɗauraye ba, ta sake cikawa ta kai bakinta. Budurwar da ko goro ba ta taunawa a gaban saurayi. Kasuwa duk ta zuba mata ido.

"To, ni ma na sha," in ji ta. "Mai gudunsa ya haɗa da ni."

Abarshi ne ya fara amsa kiran. Kafin kasuwa ta watse ya aika cewa ya fasa.

Hammadu ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya daina amsa gaisuwar 'yarsa. Matarsa Mairo ta bar shi ya huce, sannan wata rana tana rabon tuwo ta tambaye shi, "Malam, ita ma in ware mata ƙwarya?"

Hammadu ya ɗago kai ya dube ta.

"Ba za a ware wa 'yata ƙwarya ina raye ba. A kira mini yaron."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Rabin waɗanda suka zo, kallo ne ya kawo su, kuma da aka fito da tuwo, sai ga akushin ango an ajiye can gefe. Kowa ya san suruki ba ya cin abinci da mijin 'yarsa. Hammadu ya wanke hannu, ya ratsa taron, ya zauna gaban Jaji ya yanki loma.

"Bismillah, ci mana," in ji shi. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai kuma Allah ya ba ka haƙurin bakinta."

Liman ya ce amin, ya jawo buzunsa kusa, ya sa hannu shi ma.