Mutanen Cikin Kumbo

Zubair yana sanye da abin sauraro a kunne lokacin da wata budurwa ta tsaya bakin shagonsa na tura finafinai a waya, daf da tashar motocin Maraɗi a Jibiya. Bai ji sallamarta ba sai da ta ƙwanƙwasa tebur.

"Kai ne mai fassara shirin nan na mutanen da ke yawo cikin kumbo tsakanin taurari?"

"Ni ne, malama. Kashi na nawa za a tura miki?"

"Ba turi na zo ba, ƙara na kawo. Na kalli shirin da Faransanci tun ina lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi. Kyaftin ɗin bai taɓa cewa insha Allah ba. Kai kuma ko ƙofa zai buɗe sai ka sa shi ya yi bisimilla."

Zubair ya sosa ƙeya. Shekara biyu yana ɗora muryarsa kan wannan shiri, ba wanda ya taɓa kama shi.

"Ai tausayinsu nake ji," ya ce. "Mutum yana gilmawa ta gaban rana, a ce ko salati ba zai yi ba?"

Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. Sunanta Mutmainna. Kafin ta tafi ya roƙi lambarta, wai don ta riƙa gyara masa fassara.

Gyaran fassara ya koma hira kullum. Shi yana cewa mutanen kumbon sun yarda da Allah, kawai kyamara ce ba ta bin su wurin ibada. Ita tana cewa shekara bakwai a sama, ba a taɓa ganin ko ɗaya ya ɗaga hannu ba. Wata rana ya rubuto mata:

"Tauraruwata, na sake kallon inda suka binne abokinsu. Injiniyar nan ta rufe ido, leɓenta yana motsi. In ba addu'a ba, mi take yi?"

Ta amsa: "Ƙila lissafin mai take yi, Malam Tafinta. Amma na yarda, ita kam akwai alama. Ka ci abinci?"

A kashi na arba'in aka zo inda likitan kumbon ya dubi taurari ya ce shi bai yarda akwai wanda ya halicce su ba. Zubair ya so ya juya maganar kamar yadda ya saba. Mutmainna ta hana.

"Ka faɗi abin da ya faɗa, Zubair. In kana gyara wa mutane baki, wata rana ni ma za ka gyara mini nawa."

Ya bi maganarta. A makon nan kuma ya tura kawunsa gidansu neman izini.

Akwai wani Mansur, mai sayar da taya a tasha, wanda ya daɗe yana son Mutmainna ba ta kula shi ba. Shi ne ya yanko wannan jimla ɗaya, ba hoto, sai murya, ya kunna wa mahaifinta Alhaji Hamidu bayan sallar Azahar. Alhaji ya saurara sau biyu. Da ya shiga gida ko zama bai yi ba.

"Yaron da ke cewa ba wanda ya halicci taurari, shi zan ba ɗiyata? Kar in sake jin sunanshi."

"Baba, ba maganarshi ba ce..."

"Da kunnena na ji muryarshi!"

Labari ya zaga tasha. Direbobin da ke cika shagon Zubair suka fara wucewa suna kawar da kai. Kwana huɗu Mutmainna tana aika saƙo ba amsa, har ta tabbata ya ɗora mata laifi, tunda ita ta sa shi. A rana ta biyar ta rubuta tana hawaye:

"Ni na ja maka. In ka tsane ni ban ga laifinka ba."

Nan take amsa ta shigo: "Ban tsane ki ba ko na minti ɗaya. Baba ya ce kar a ji sunana, ban so ki saɓa mishi saboda ni. Abin da kika sa ni na yi daidai ne."

Ta kai wa mahaifiyarta Hajiya Mariya wayar. Hajiya ta karanta, ta jira Alhaji ya gama cin tuwo, sannan ta ce:

"Alhaji, shekara nawa ka yi kana tafinta tsakanin direbobin Nijar da jami'an boda?"

"Ashirin da bakwai. Mi ya kawo wannan?"

"Ranar da wani direba ya zagi jami'i, aka ce ka fassara, ka fassara ko ka ƙi?"

Alhaji ya ture kwanon gefe. Can ya ce a kira yaron.

Zubair ya zo da La'asar, ya durƙusa a zaure. Ya kunna wa Alhaji wurin gaba ɗaya, da hoton likitan yana magana.

"To, gaya mini gaskiya," in ji Alhaji. "Mutanen nan na cikin jirgi, mulhidai ne?"

"Likitan ya faɗa da bakinshi, Baba. Injiniyar kamar tana addu'a. Kyaftin bai taɓa cewa komai ba, don haka ban sani ba. A da ina sa musu kalmomin da ba su faɗa ba, wannan laifina ne, na daina."

"Kai fa?"

"Ni duk lokacin da aka nuna taurarin nan, tasbihi nake yi ban ma sani ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya sa aka maimaita wurin, ya gyara masa wata kalma da ya ce Hausar ba ta zauna ba. Sannan ya ce daga yau, a farkon kowane kashi, ya riƙa sanar da masu kallo cewa shi tafinta ne kawai.

"Ka ce wa kawunka ya dawo ranar Juma'a."

Mutmainna tana bayan ƙofa. Ta juya ta rungume Hajiya.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Dangi suka tsallako daga Maraɗi mota uku, na Zubair suka zo daga Bugaje, direbobin tasha suka cika layi har bakin titi. Mansur ma ya zo, ya ba ango hannu kansa a ƙasa, Zubair ya rungume shi.

Da za a kai amarya, Alhaji Hamidu ya ɗora hannu a kanta, ya ce:

"Allah Ya yi muku albarka. Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin, Mutmainna ta ƙanƙame hannun mahaifinta ta ƙi saki har bakin mota.