Mai Ƙaro da Kwalekwale

A can wani zamani, a wani gari na bakin kogi, an yi wani mutum mai gyaran kaya da ƙaro. Kirarinsa ɗaya ne: "Ƙarona ba abin da ba ya liƙewa!"

Wani malami ya kawo littafinsa da ya yage. Mai ƙaro ya jiƙa ƙaro, ya shafa, takarda ta kama. Ya ce, "Ƙarona ba abin da ba ya liƙewa!"

Rannan sai wani mai fito ya jawo kwalekwalensa da ya tsage. Wata tsohuwa mai sayar da danƙo a rumfar kusa ta ce wa mai ƙaro, "Ɗana, ƙaro ba ya shiri da ruwa. Itacen da zai shiga kogi danƙo yake so."

Mai ƙaro ya yi dariya, ya laɓta ƙaro a tsagar, ya sake yin kirarinsa.

Mai fito ya ce, "To Malam, tunda ka tabbata, zo mu haye tare."

Suna tsakiyar kogi ƙaro ya narke, ruwa ya fara shigowa. Ga shi mai ƙaro bai iya iyo ba! Ya tuɓe rigarsa, ya cusa a tsagar, ya zauna daɓas a kai.

Mai fito ya ce, "Malam, ina kirarin?"

Ya ce, "Kai dai tuƙa!"

Da ƙyar suka kai gaɓa.

Washegari wata mata ta kawo tulunta da ya tsage. Mai ƙaro ya dubi tulun, ya nuna rumfar tsohuwa, ya ce, "Kai wa Iya. Ni takarda nake liƙewa."