Tsuntsun La Hadu

"Wallahi ba zan ba ɓarawon tsuntsu 'yata ba!"

La Hadu ya dire kofin gahawa a baranda. Gaban 'yarsa Sarina ya faɗi.

Shekara talatin mahaifinta yana rantsuwa cewa ɗan tsuntsun nan mai farin zobe a ido, wanda ke gonarsu ta kanumfari, kukansa daban ne da na 'yan'uwansa na birnin Kendari. Duk tsibirinsu dariya ake masa. Da wani saurayi mai binciken tsuntsaye, Irwan, ya zo daga jami'a, wata uku tsohon yana hawa dutse da shi. Saurayin ya naɗi kukan, ya auna fiffike, ya tafi har da zuciyar Sarina. Sai ga shi bayan shekara biyu, wai neman aure!

"Baba, don Allah ka saurare shi..."

"In saurari me? Ni na sha sara da suka a daji, shi ya kwashi suna!"

Irwan ya durƙusa, ya miƙa mata wata mujallar masana. "Sarina, hasken idona, ke karanta masa. Ni muryata ta ƙi."

Ta duba, hawaye suka zubo mata. Tana son mutumin nan, so mai tsanani, kuma ba za ta aure shi ba sai da albarkar Baba.

"Baba, masana sun yarda. Sabon jinsi ne, babu irinsa sai a tsibirinmu. Sunan danginsa Zosterops, nasa na kansa kuma... lahadui."

"Wane ne kuma Lahadui? Wani Bature?"

"Kai ne, Baba!" in ji Irwan. "A harshen Latin, in za a sa wa halitta sunan namiji, sai a ƙara 'i' a ƙarshe. Ko bayan jikokin jikokinka, da shi za a kira shi."

Tsohon da ko kukan jana'iza ba a taɓa ganin ya yi ba, sai ga shi yana share ido da gefen zanensa. Ya miƙe ya leƙa ta katanga, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira.

"La Ntobe! Ina mai ce mini mahaukacin tsuntsaye? Fito ka ji!"

Sannan ya juyo yana harara, gemu sharkaf.

"Kai kuma tashi, ka ishe ni da durƙuso. Ka turo kawunnanka ranar Juma'a. Sarina, kawo wa mijinki kifi, kin bar yaro da yunwa!"