Ɗakin da Ba a Shiga da Turare

Mai Gahawa saurayi ne mai shago ɗaya da injin gasa gahawa ɗaya. Hannunsa ya iya aiki, amma bakinsa bai iya talla ba. Yakan zuba gahawarsa a jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa, ya rubuta kwanan wata da biro, ya jera a kanta, ya zauna jiran masu saye. Ba su cika zuwa ba.

Auta kuwa ita ce ƙaramar 'yar wani dattijo mai sayar da turare. Ta karanci zane da ɗaukar hoto, tana da kyamara da kwamfuta. Abin da ta rasa shi ne wanda zai ba ta aiki.

Ƙamshin da ya cika layin ne ya ja ta cikin shagon ranar farko. Ta ɗauki jaka ɗaya ta jujjuya.

"Malam, wannan gahawa ce ko siminti?"

Ya ɗago kai ya yi dariya. "Ki sha tukuna, sannan ki zage ni."

Ya haɗa mata kofi ɗaya, ta sha. Sannan ta ce, "Kayanka ya fi ƙarfin rigarsa. Bari in ɗinka masa wata."

Ta zana masa tambari, ta canza jakunkunan, ta buɗe wa shagon shafi a intanet. Kafin wata uku sai ga layin mutane a bakin ƙofa. Kafin wata shida kuma, saƙonnin da ke tsakaninsu sun daina zama na aiki.

"Autar mata, yau na ƙona tukunya guda. Laifinki ne, ke nake tunani."

"Yallaɓai, ka kula da wutarka. Ba na son miji mai warin ƙauri."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. A bayan shagon akwai ɗaki mai bangon gilashi, inda injin yake da teburin ɗanɗano. Ba a shiga ɗakin da turare, domin gahawa tana shan duk ƙamshin da ta samu, hancin mai ɗanɗano kuma yana rikicewa. Ita kuwa Auta a saman shagon turare take kwana. Ko an wanke kayanta sau uku, sai an ji ƙamshin. Don haka daga bayan gilashi take ɗaukar hotunanta.

Duk ranar Talata Mai Cokali take zuwa. Ƙwararriyar mai ɗanɗano ce, doguwa, mai yawan fara'a, da cokalinta na azurfa a aljihu. Ita ke taya shi zaɓen gahawar da zai saya daga manoma. Za su jera kofuna, su zuba ruwan zafi, su sunkuya kai da kai suna shinshinawa, su zuƙa da cokali, su kalli juna su yi dariya. Auta ba ta jin abin da suke cewa. Gani kawai take yi, gani kuwa ya fi ji zafi.

Ta fara yanke Mai Cokali daga hotuna. Wata rana sai gwiwar hannunta kaɗai ta fito a shafin.

"Tauraruwata, ina sauran baiwar Allah?" ya rubuto mata.

"Hoton ne ya yi mata kaɗan."

"Kishi kike yi?"

"Ni? Da wa? Allah ya kiyaye."

Ana cikin haka ya je gaida mahaifinta. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ɗauko kwalbar turaren da ya fi ji da ita, zai shafa masa a bayan hannu kamar yadda yake yi wa duk baƙon da ya girmama. Mai Gahawa, da yake yana da aikin ɗanɗano da yamma, bai san lokacin da ya janye hannunsa ba.

"Baba, ku yi haƙuri, aiki ne..."

Baba ya rufe kwalbar a hankali. Bayan baƙon ya tafi ya ce, "Auta, wanda ya guji ƙamshin gidana, me zai yi da 'yar gidan? Ki bar maganar nan."

Ta yi kuka, ta yi roƙo, Baba bai motsa ba. Ga Baba ya rufe ƙofa a gida, ga gilashi a shago. Zuciyarta ta cika fal.

Talatar da ta biyo baya aka kawo samfurin wata gahawa daga wasu manoman kan dutse. Ɗan kaɗan ne, bai wuce na kofuna goma ba, kuma a ranar manoman suke jiran amsa. Kafin su shiga ɗakin shi da Mai Cokali, Mai Gahawa ya ce, "Auta, in mun gama, duk abin da ta ce ta ji a ciki, shi za ki rubuta a jikin jakar."

"Ita za ta faɗa, ni in rubuta?"

"Ai harshenta ya fi namu."

Bai san ya zuba wa wuta fetur ba. Auta ta buɗe jakarta, ta ɗauko turare mafi ƙarfi a shagon babanta, ta fesa a wuya da hannu da mayafi. Ta jira sai da suka sunkuya kan kofunan, sannan ta tura ƙofar gilashin ta shiga.

"Sannunku da aiki. Na ce bari ni ma in ji abin da ake wa dariya."

Mai Cokali ta ajiye cokalinta. Mai Gahawa ya dubi kofuna goman, ya dubi Auta. Ya je ya buɗe tagogi, ya fara zubar da kofunan ɗaya bayan ɗaya. Ran nan bai iya ba manoman amsa ba, suka sayar wa wani shagon.

Kwana huɗu wayarta ba ta yi ƙara ba. A na biyar Mai Cokali ta same ta a gida.

"Ƙanwata, zo mu yi magana. Shekara huɗu ina shiga ɗakin nan. Da ina son sa, ai da a gidansa za ki same ni da goyo. Kin san abin da muke wa dariya? Ke. Kowane kofi ya ɗauka sai ya ce, ko Auta za ta so wannan? Har na gaji da sunanki."

"To me ya hana ya ce in shigo, Yaya?"

"Ya ce miki ki wanke ƙamshin gidanku? Bayan abin da ya faru da Baba? Tsoro yake ji."

Da ta tafi, Auta ta sauka shago, ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai. Ta ɗauka zai ce Allah ya raba su lafiya. Sai ta ga ya cire tabarau yana kallon ta.

"Kika shiga ɗakin aikin mutum da wani ƙamshi? Da gangan?"

"Eh, Baba."

"Ke da kika tashi a gidan nan? Ranar da nake haɗa turare, ko uwarku ba ta shigo mini in ta taɓa albasa. Shekara talatin, kin taɓa jin ta ce na ƙi ta?" Ya girgiza kai. "Ashe yaron nan da hanci yake cin abinci kamar ni. Ni ma ban yi masa adalci ba."

Washegari Baba ya yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ya aika aka karɓo masa sabuwar riga daga wurin tela, bai bari ta shiga gidan ba, a waje ya saka ta. Auta ma haka. Suka isa shagon da hantsi.

Mai Gahawa ya fito da sauri ya durƙusa. Baba ya miƙa masa hannun riga.

"Shinshina, ɗana. Mun ci jarrabawa?"

"Baba, kun fi ƙarfin haka."

"To 'yata ce ta yi ɓarna, ni kuma na kawo ta. Ga ta nan."

Auta ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini. Na san abin da nake yi, shi ya sa ya fi muni."

"Gahawar ta tafi, Autar mata, kuma ta yi mini ciwo," ya ce a hankali. "Amma wata za ta nuna baɗi. Ke kuwa ban san inda ake noman irinki ba."

Baba ya yi gyaran murya. "Ina nan fa, ban tafi ba."

Mai Gahawa ya buɗe musu ƙofar gilashin. Ya jera kofuna uku, ya nuna musu yadda ake zuƙa. Auta ta zuƙa ta ƙware, ta yi ta tari. Baba kuwa ya kai hanci sau ɗaya ya ce akwai ɓawon lemo a kofin tsakiya, kuma haka ne. Surukai biyu suka shiga hira har suka manta da ita, sai da ta ce, "Yanzu kuma da Baba zan yi kishi?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya haɗa hannuwansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a sana'arku, ya ba ku 'ya'ya masu hanci." Aka yi dariya, aka ce amin.

Kishin bai mutu gaba ɗaya ba, gaskiya ce a faɗa. Har yau in Talata ta zo, Auta takan ja kujerarta ta sa a tsakanin mijinta da Mai Cokali, su kuwa su matsa mata. Amma 'yar mai turare ta gane abu ɗaya: tun farko ba wanda ya hana ta shiga ɗakin nan. Da ta tambaya, da an gaya mata yadda ake shiga.