Ranar Matasa da Ranar Lauje

A wani ƙauye na tsibirin Jeju akwai wata yarinya 'yar ƙaramar sakandare. In ta sa abu a gaba ba ta sakinsa, amma kunnenta ba ya zama ya ji shawara. Kakarta tana kiranta Uwar Gaggawa, kuma sunan ya bi ta.

Wata rana ta je wurin mai gari, dattijo Bu. Ta rusuna ta gaishe shi.

Ta ce, "Baba, tsofaffi suna da ranarsu. Masunta suna da tasu. Mu matasa fa?"

Ya yi dariya ya ce, "To, ki zaɓi rana. In kuka cika zauren taro, zan kafa muku ita duk shekara. In ba ku cika shi ba, kada in sake jin maganar."

Ta ruga gida ta tsaya gaban kalanda. Ta ɗora yatsa a kan wata Lahadi.

Kaka ta ce, "Uwar Gaggawa, kin duba ƙananan lambobin kuwa?"

A kalandarsu, ƙarƙashin kowace babbar lamba akwai ƙarama, ta lissafin farin wata.

"Haba Kaka! Wannan ai lissafin tsofaffi ne. Ranar matasa muke magana."

"To, madalla. Ni dai na faɗa."

Yarinyar ta sa aka yi shela a lasifikar ƙauye. Ƙawarta Da-on ta fara cewa, "Amma ranar nan ai..." Ta katse ta, "Ke dai ki zo kawai!"

Ranar Lahadi ta share zaure, ta jera kujeru, ta ajiye wainar shinkafa. Ta jira har rana ta ɗaga. Ko kare bai leƙo ba.

Sai ta ga kalanda a bango. Ta matsa ta karanta ƙaramar lambar: ɗaya ga wata na takwas. Ranar da kowane dangi ke fita da lauje don yanke ciyawar kaburburan kakanni! Kunya ta kama ta, har ta yi kuka.

Amma ba ta koma gida ta kwanta ba. Ta share hawaye, ta ɗauki lauje da wainar, ta hau tudun da kaburburan suke.

Can ta tarar da matasan duka, kowa yana aiki da danginsa. Ta durƙusa gaban Kaka.

"Ki yafe mini. Kin faɗa, ban ji ba."

Kaka ta ce, "Tashi, raggo ba ya samun gafara. Ga ciyawa can."

Da suka gama nasu, ta hango wasu kaburbura a gefe. Ciyawa ta rufe har katangar duwatsun da ke kewaye da su. Wannan karon sai ta tambaya.

"Kaka, na su wa ne waɗancan?"

"Jikokinsu sun tafi birni, ba mai zuwa."

"In mun yanke, babu laifi?"

"Laifi? Sai dai albarka."

Yarinyar ta ɗaga murya ta kira Da-on da sauran. Duk sun gaji, amma suka zo. Kafin yamma tudun ya fito fes.

Dattijo Bu ya tsaya yana kallo.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Baba, ban cika zaure ba. Laifina ne."

Ya ce, "Zaure kam ba ki cika ba. Amma kun cika tudu, na gani da idona. Daga bana, kashegarin yankan ciyawa Ranar Matasa ce a garin nan."

Matasa suka kaure da ihu. Kaka ta ja kunnenta a hankali.

"Da wane lissafi za a rubuta ta?"

"Da ƙananan lambobi, Kaka!"

Tun daga ranar, kafin ta yanke shawara sai ta tambayi na gaba da ita. Ƙwazo yana da kyau, amma mai tambaya ba ya ɓata.